Daga Gina Madatsa zuwa Kula da Muhalli: Waiwaye kan Zurfafa Ilmin Injiniya a Arewacin Nijeriya

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin sawun yadda nazarin muhalli ya shigo cikin ilmin injiniyan gine-gine a wannan yanki namu, musamman a matakin digiri na biyu da na uku. Ra'ayinmu shi ne, ba daga ɗakin karatu wannan canji ya faro ba. Koguna da madatsun ruwa ne suka tilasta shi.

Kamar yadda aka sani, a zamanin mulkin mallaka manyan ayyuka irin su hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911 Turawa ne suka tsara su, 'yan ƙasa kuwa aikinsu bai wuce na leburanci da taimakon masu awo ba. Sai a 1952 aka buɗe reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, inda daga baya koyar da aikin injiniya ya zauna, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta gaje shi da aka kafa ta a 1962. Bukatar wancan lokaci a fili take, watau samar da masu digirin farko da za su maye gurbin Turawa a Ma'aikatar Ayyuka. Wanda ya so ƙari, galibi sai ya nufi Ingila ko Amurka.

Ana cikin haka sai zamanin madatsu ya zo. An kammala Kainji a 1968, kamfanonin Italiya ne suka gina ta. A Jihar Kano, gwamnatin Audu Bako ta gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel, don haka ba wanda ya ga laifin tare ruwa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna a faɗin ƙasa, sa'an nan a 1979 aka kafa Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Tambayar injiniyan wannan zamani ita ce: nawa madatsa za ta ɗauka, kuma za ta tsaya? Abin da zai sami mutanen da ke ƙasa da ita ba ya cikin lissafinsa, domin ba a koya masa shi ba.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A Bakolori, manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore a 1980 a kan batun diyya, aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle. Amma darasin da ya fi zurfi, a ganinmu, shi ne na fadamun Haɗejiya da Nguru. Shekara da shekaru ambaliyar damina ce ke shayar da wannan fadama, ta ba manomi shinkafa, ta ba masunci kifi, ta bar wa makiyayi ciyawar rani, ta kuma cika rijiyoyi. Da Tiga ta tare ruwan, Challawa kuma ta biyo baya a 1992, sai ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki kuma ya riƙa gudana rani da damina. Wannan ya yi wa ciyawar kachala daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nutse, wasu suka bushe. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ruwa ke bayarwa a fadamar ya fi wanda yake bayarwa a gonakin noman rani na Kadawa, in aka auna mudu da mudu. Ya kamata mu lura cewa yawancin wannan bincike daga jami'o'in Ingila aka jagorance shi, ko da yake akwai 'yan ƙasa a ciki, irin su Muhtari Aminu-Kano.

Ta fuskar doka kuwa, sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988 ita ta haifar da Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a wannan shekara, sa'an nan dokar 1992 ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Daga nan ne takardar shaidar ƙwarewa a wannan fanni ta zama abin nema, domin doka ta samar mata da kasuwa. A yau Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe na musamman na injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, wanda ke ba da manyan digirori.

Sai dai kafa sashe daban, samun abin nazari daban. Ɗalibin digiri na biyu da zai auna ƙarfin madatsa yana bukatar bayanan gudun kogi na shekaru masu yawa a jere, da awon laka da yashin da suka taru a gindinta, waɗannan kuwa sai an daure ana ɗaukarsu kullum ake samunsu. Madatsar Alau ta yi ambaliya a 1994, ta kuma ɓalle a Satumban 2024 ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Shekara 30 ke nan tsakani, watau lokacin da ya isa a yaye ɗalibai jiki bayan jiki a kan wannan madatsa ɗaya.