Gwangwanin Miya da Jeren Amarya

A shekarar 1962 wani mai zane Ba'amurke, Andy Warhol, ya baje hotuna 32 a birnin Los Angeles, kowanne na gwangwanin miyar Campbell's. Aka yi ta muhawara: shin abin da ake saya a kanti ya cancanci a kira shi fasaha? Da an kawo tambayar nan ƙauyukan Dambatta, Bichi ko Minjibir, da mata sun yi dariya, domin sun riga sun amsa ta a bangon ɗaki.

Kafin zuwan Turawa, jeren amarya ƙore ne sassaƙaƙƙu, da faya-fayi, da tasoshin tagulla ga mai hali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Ƙasar nan da ke kewaye da birni, inda gona ke manne da gona kuma taki ya hana ta hutu, ta zama uwar gyaɗa. Kuɗi ya shiga hannun manomi, kwanon langa ya biyo bayansa, da fari daga ƙasashen waje, daga bisani daga masana'antun Kano.

Abin lura shi ne, yawancin kwanukan nan ba a cin tuwo a cikinsu. Jera su ake yi, babba a ƙasa, ƙarami a bisa, a daidaita launi da launi har kusa da rufi. Uwa takan shekara tana tara su da ribar ƙuli-ƙuli ko kuɗin adashi. Ranar jere 'yan kallo su ƙirga, su san nauyin gidan da yarinya ta fito. Kuma dukiyar matar ce, ba ta miji ba. In fari ya yi tsanani, irin na 1973, akwai abin kaiwa kasuwa. A ganina nan ne suka sha bamban da Warhol: shi hoton abin ya sayar, su kuwa abin da kansa suka mayar hoto, kuma asusu.

Magina ma ba a bar su a baya ba. A Zariya sun zana keke da mota da jirgin sama a fuskar soraye, har Kirk-Greene ya yi littafi a kansu a 1963. Hotunan Warhol suna nan a gidan kayan tarihi na New York. Jeren langa kuwa tangaran da roba sun ture shi, ragowarsa ana ba kaji ruwa a ciki.