Ƴar tsanar jima'i: mece ce ita, kuma wane tasiri take yi ga zaman aure?

Ƴar tsanar jima'i mutum-mutumi ce da ake ƙerawa da roba mai laushi, da tsayi da siffar mutum, galibi ta mace, domin biyan buƙatar sha'awa. Kamfanin Orient Industry na Japan, wanda aka kafa a 1977, yana cikin waɗanda suka daɗe a wannan sana'a. A Amurka, Matt McMullen ya fito da RealDoll a shekarun 1990, daga baya aka yi wata mai suna Harmony da ke magana ta hanyar manhaja. Yau masana'antun China ne ke ƙera da yawa daga cikinsu, kuma masu tsada kan kai miliyoyin kuɗin sefa.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Suna ganin tana rage kaɗaici ga wanda matarsa ta rasu, ko naƙasasshe, ko mai tsananin kunyar mata. Wasu masu ita har suna suke raɗa mata, su saya mata tufafi. David Levy, a littafinsa na 2007, ya yi hasashen cewa mutane za su auri mutum-mutumi nan da 2050.

Abin da masu suka ke cewa

Zaman aure yana tafiya ne da haƙuri, rarrashi da yardar juna. Ƴar tsana kuwa ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta cewa a'a. Fargabar ita ce namijin da ya saba da haka zai iya ɗaukar mace tamkar kaya, ya kasa jure halin matarsa. A kan wannan ne Kathleen Richardson ta Jami'ar De Montfort a Ingila ta fara gangamin adawa a 2015. Matar aure kuma tana iya jin an yi mata kishiyar da ba ta tsufa, wanda kan jawo zargi da sanyin zumunci.

A 2018, likitoci biyu a Birtaniya, Chantal Cox-George da Susan Bewley, sun duba rubuce-rubucen kimiyya, ba su sami hujjar da ke tabbatar da amfanin da ake yayatawa ga lafiya ba. A shekarar ce kuma hukumomin Zambiya suka yi gargaɗin hukunta masu shigo da ita.

Inda zancen ya shafi Diffa

A garuruwa irin su Diffa, wayar salula ce ke kawo wannan labari. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarin jama'ar Nijar ke bi, sun hana biyan sha'awa ta wata hanya ban da aure. Sai dai matsalolin da masu tallar ƴar tsana ke fakewa da su suna nan: kaɗaici da tsadar aure. Tun hare-haren Boko Haram na Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, iyalai da dama na bakin Komadugu sun tarwatse, noman tattasai da kamun kifin da samari ke tara sadaki da su sun samu koma baya. Sauƙaƙa kuɗin aure da farfaɗo da sana'o'in nan su ne abin da ke hannun iyaye da hukuma.