Jan kulas: abin da ya kamata mai mota ya sani kafin a buɗe kan inji

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasar Damagaram, ba za ka bi hanyar Magarya zuwa Zinder ko ta Dungas zuwa Maigatari ba sai ka tarar da mota a gefen hanya, bonet a ɗage, tururi na tashi. Sau da yawa maganar takan ƙare a kan abu guda. Makanikan wajenmu suna ce masa jan kulas, daga Faransanci, na tsallaken iyaka kuma su ce gasket ɗin top. Da yake ƴan uwa na waje su ne ake yawan bugo wa waya a ce a turo kuɗin gyara, mun ga ya dace mu bayyana shi dalla-dalla.

Inji gida biyu ne: gangar jiki, inda fistin ke hawa da sauka, da kai, wato kulas, inda bawul suke. Jan kulas shi ne shimfiɗar da ke tsakaninsu. Aikinsa ya raba wutar da ke ƙonewa a saman fistin da ruwan sanyaya inji da kuma baƙin mai. In ya ƙone, sai su fara shiga gidan juna. Za ka ga farin hayaƙi mai kauri a salansa ko bayan inji ya ɗumama, ruwan radiyato na raguwa ba tare da ɗiga ba, kumfa na tasowa a bakin radiyato, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara. In ka ga wannan na ƙarshe, kashe motar. Man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe.

Abin da ke ƙona shi kusan kullum zafi ne. Lodin rake ko gero da ya wuce ƙima, yashi mai zurfi a giya ta ɗaya, fanka ko kuruwa da ta saki, da radiyaton da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa da gishiri. Wanda ya sauya jan kulas bai binciko dalilin zafin ba, ya shirya sake biya.

Ana iya aikin a gida? Ana iyawa, musamman a tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da Hilux na da. Amma a nemi ɗaki ko rumfa mai kariya, domin ƙurar da iska ke ɗauka in ta shiga silinda tana cin ta kamar sanfefa. A bar inji ya huce sarai, a cire batir, a zubar da ruwa da mai. Duk waya da tiyon da aka cire a ɗauke shi hoto da salula. A motar da ke da sarƙa ko bel na taimin, a yi alama kafin a taɓa. Kusoshin kai ana sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya.

Masu 504 su kula da nan. Silindar injinta hannun riga ce da ake zurawa, ruwa na zagaye da ita. In an ɗaga kai aka juya inji ba a danne su ba, sai su motsa, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Ƙaramin aiki ya zama sauke inji gaba ɗaya.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen gaggawa. Kulas na alminiyom yana lanƙwasa in ya sha zafi, kuma ido ba ya gani. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa a gwada da siraran ma'aunin bawul. A injuna da yawa, ratar da ta kai kaurin takarda ɗaya ko biyu ta isa a kai shi wajen masu injin gogewa a Zinder ko Kano, a kuma duba ko ya tsage. Mun san ana goge shi a gida da sanfefa a kan gilashi. Wani lokaci a dace, amma a ganinmu kuɗin motar kai shi birni ya fi sauƙi a kan buɗe inji sau biyu. A dizal irin Toyota 2L da 3L kuma, jan kulas kauri-kauri ne, ana zaɓa gwargwadon yadda fistin ya leƙo. A tafi kanti da tsohon a hannu.

Wajen mayarwa, a share ramukan kusoshi tas, don ruwa ko mai da ya kwanta ciki yana iya tsaga gangar inji in an ɗaura. Kada a shafa gam sai in kamfani ya ce. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a fita gefe, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo, a kan adadin da littafin motar ya faɗa. A aro ta in babu. Ƙarfin damtse ba awo ba ne. Wasu injunan zamani kusoshinsu miƙewa suke, ba a maimaita su. Tsofaffi irin 504 kuma ana sake ɗaure su bayan tafiyar kusan kilomita 1000.

Ƴan uwanmu da ke Amurka, masu ganin Mustang da Camaro masu injin V8: ka'idar ɗaya ce, sai dai kai biyu ne, jan kulas biyu, kuma galibi tare ake sauya su. Haka ma injin niƙa da dizal ɗin ban ruwa na fadamun Korama, su ma suna da nasu.

Bayan an haɗa, a zuba sabon mai da sabuwar matata, a cika ruwa mai tsabta, a fitar da iskar da ta maƙale, a bar inji ya yi aiki a tsaye ana kallon allurar zafi. Murfin radiyato kuwa, ko an ga allura ta hau, kada a buɗe shi sai inji ya huce, domin ruwan ciki ya wuce zafin tafasa kuma fuska yake nufa.