Wane ne Budda, kuma me addininsa yake koyarwa?

Sunan Budda ya fi shigowa kunnen Bahaushe ta kafar labarai marasa daɗi. A watan Maris na 2001 ne 'yan Taliban suka tarwatsa manyan gumakansa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse a Bamiyan ta ƙasar Afganistan. Daga watan Agustan 2017 kuma, Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh bayan sojoji sun afka wa ƙauyukansu a Myanmar, ƙasar da galibin jama'arta mabiya addinin Budda ne. Wanda iyakar saninsa ke nan zai ɗauka addini ne na bautar gunki da ƙin Musulmi kawai. Sai dai wanda ya karanta tarihin mutumin zai tarar hana kisa shi ne na farko a cikin dokokin da ya shimfiɗa wa mabiyansa.

Budda ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne mai ma'anar "wanda ya farka". Sunansa Siddata, na zuriyarsu kuwa Gotama. An haife shi a Lumbini, wadda yau take kudancin Nepal dab da iyakar Indiya, cikin ƙabilar Sakiya mai hedikwata a Kapilabastu. Tsohon lissafi ya sa rayuwarsa tsakanin shekarar 563 da 483 kafin haihuwar Annabi Isa, amma masana da yawa na wannan zamani sun matso da rasuwarsa zuwa wajejen shekarar 400. Wurin haihuwar ya fi shekarar tabbas, domin Sarki Asoka ya ziyarci Lumbini a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa ginshiƙin dutse da rubutu cewa a nan aka haifi Budda, har ya sassauta wa ƙauyen haraji. An sake gano ginshiƙin a 1896, kuma yana tsaye har yau.

Ruwayoyin mabiyansa sun ce mahaifiyarsa Maya ta rasu kwana bakwai da haihuwarsa, ƙanwarta ta raine shi. Sun ce wani masani ya faɗa wa mahaifinsa Suddodana cewa yaron zai zama ko dai babban sarki ko kuma mai gudun duniya. Uban, da yake sarautar yake so, sai ya killace ɗan a fada, ya kewaye shi da kowane irin jin daɗi, ya hana idonsa ganin tsoho ko majinyaci. Ya yi masa aure da Yasodara, suka haifi ɗa mai suna Rahula. Masana tarihi suna ganin an ƙara wa wannan ɓangare gishiri, tunda Sakiyawa majalisar dattawa ce take mulkinsu, kuma mai yiwuwa Suddodana ɗaya ne daga manyanta, ba sarki mai cin gashin kansa ba.

Abin da ya juya rayuwar Siddata, in ji ruwayar, fita ce da ya riƙa yi a keken doki tare da baransa Canna. Ya ga tsoho ya ranƙwafa, ya ga mara lafiya, ya ga ana ɗauke da gawa, kuma duk sa'ad da ya tambaya sai a ce masa wannan makomar kowa ce, har da shi. A fita ta huɗu ya ga wani mai gudun duniya, ba shi da komai amma fuskarsa a natse. Yana da shekara 29 ya sulale daga fada cikin dare, ya aske gashinsa, ya tuɓe kayan sarauta.

Wannan labari ba zai zama baƙo ba ga wanda ya zauna a zaurukan karatu na birnin Zariya ko Tudun Wada, domin ya yi kama da na Ibrahim ɗan Adhama, yariman Balkh na ƙarni na 8 wanda ya bar mulki ya kama zuhudu. Masu bincike sun daɗe suna lura da kamar, musamman da yake Balkh cibiyar addinin Budda ce kafin zuwan Musulunci. Malaman Musulunci na farko ma ba su jahilci mutumin ba: Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayaninsa a littafin Almilal Wannihal, har ya kwatanta shi da Halliru.

Siddata ya yi karatu wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya ƙware a hanyoyinsu na tattara hankali, bai sami abin da yake nema ba. Sai ya koma azabtar da jikinsa da yunwa tare da abokai biyar, har ya zama ƙashi da rai. Bayan shekara shida da barin gida ya yanke cewa azaba ba ta fi holewa kai mutum ga gaskiya ba. Ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata mai suna Sujata, abin da ya sa abokan suka guje shi suna ganin ya karaya. Ya zauna a gindin wata bishiya dangin ɓaure da ceɗiya a wurin da ake kira Bod Gaya a jihar Bihar, inda mabiyansa suka yi imanin ya farka yana da shekara 35. Huɗubarsa ta farko a Sarnat, kusa da Baranasi, ga waɗancan abokai biyar ya yi ta.

A wannan huɗuba ne ya kawo abin da ake kira gaskiya huɗu, kuma tsarinta tsarin likita ne: cuta, sanadinta, yiwuwar warkewa, sannan magani. Cutar ita ce wahalar da ke manne da rayuwa, wato haihuwa, tsufa, ciwo, mutuwa, rabuwa da abin so da rashin samun abin nema. Sanadin shi ne ƙishirwar zuciya, wadda da ta sami wannan sai ta hango wancan. Warkewa ita ce nirbana, kalmar da asalinta mutuwar wuta ne, kuma wutar da ake nufi ta kwaɗayi ce da ƙiyayya da ruɗu. Maganin kuwa hanya ce mai rassa takwas: gyara fahimta, niyya, magana, aiki, sana'a, ƙoƙari, lura da kai da natsuwar zuciya. Reshen sana'a ya hana cinikin makamai, mutane, nama, kayan maye da guba. Talaka mai iyali an ɗora masa dokoki biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya yi sata, fasiƙanci, ƙarya ko shan abin maye.

Har zuwa nan Musulmi ko Kirista zai ga abubuwa da dama da ya sani. Inda hanya ta rabu shi ne aƙida, kuma rabuwar mai zurfi ce. Budda bai koyar da samuwar Mahalicci ba, bai ce wahayi aka yi masa ba, bai kuma kira kansa abin bauta ba. Ya karɓi ra'ayin mutanen Indiya na zamaninsa cewa ana mutuwa a sake haihuwa, kuma aikin da mutum ya yi da niyya, wato karma, shi ne yake tsara rayuwarsa ta gaba. Amma ya saɓa musu a wuri mafi wahalar fahimta: ya ce babu wani rai tabbatacce da yake ƙaura daga jiki zuwa jiki. Mutum a wurinsa tarin abubuwa ne masu sauyawa kullum, kamar rafin Kubanni da sunansa yake nan alhali ruwan da ya wuce ƙarƙashin gada jiya ba shi ne na yau ba. Malaman addinin sun shafe ƙarnoni suna muhawara kan abin da ake sake haifa idan babu rai. Gumakan kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru da rasuwarsa aka fara sassaƙa su. Kafin nan bishiya ko sawun ƙafa ake zanawa a madadinsa.

Ya yi shekara 45 yana yawon wa'azi a kwarin kogin Ganga, ya karɓi almajirai daga kowane mataki na al'umma, har da mata, ya rasu a Kusinagar yana da shekara 80. Bai rubuta komai ba. Da hadda almajirai suka riƙe koyarwar har aka rubuta ta da harshen Pali a Sri Lanka a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa. Addinin ya bazu zuwa Sin, Japan, Tibet, Thailand da Myanmar, amma a Indiya kanta ya kusa ɓacewa. Farfaɗowarsa mafi girma a can ta zo ne a watan Oktoban 1956 a Nagpur, lokacin da Dakta Ambedkar, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya karɓe shi tare da ɗaruruwan dubban 'yan Dalit waɗanda tsarin bambancin asali ya mayar saniyar ware.