Kwanson Harsashi, Shaidar Zamanin da Ya Wuce

A cikin kayan tarihin da ake fitowa da su ranar biki irin wannan, idon jama'a yakan tsaya a kan takobi da tambari da sulke. Amma a wasu tsofaffin gidaje na Adar da Gobir Tudu akwai wani ɗan abu da bai wuce tsawon yatsa ba, wato kwanson harsashi, wanda shi ma yake da labarin da ya kamata a saurara.

Kafin zuwan Nasara, dogaron mayaƙan ƙasar nan yana kan doki da mashi da takobi da kibiya. Bindigar da aka sani ita ce ta ɗuri, wadda ake cusa wa albarushi ta baki. A shekara ta 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusel, suka hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani. Saboda haka, sa'ad da sojan Faransa suka iso, ƙarfi bai zo ɗaya ba. Suna riƙe da bindigar Gras ta 1874 mai cin harsashi ɗaya, da Lebel ta 1886 mai ɗaukar takwas. Birnin Ƙonni ta ɗanɗana wannan wuta a 1899 a hannun Voulet da Chanoine. A 1901 kuma aka karya Kel Geres a Zangebe da Galma, nan kusa da Madawa. Daga nan ne mulkin Nasara ya kafu a wannan yanki.

Harsashi ya sake yin magana a 1916, da Kawsan ya kewaye Agadas da bindigogin da ya samo ta hannun Sanusiyya. Tsoro ya kai har kudu, ta yadda a farkon 1917 Ingilishi suka turo soja daga Najeriya zuwa Madawa da Tawa domin taimakon Faransa.

Da ƙura ta lafa, kwanson da aka zubar bai tafi a banza ba. Harsashin Gras yana aiki da baƙin albarushi, don haka mai gwaninta yakan sake ɗura shi: ya canza ƴar hular da ke kama wuta, ya zuba albarushi, ya narka dalma ya yi masa kai. Wanda ya tsage kuwa sai ya koma maƙera, a narka shi a yi zobe ko munduwa ko adon linzami. Abin da aka ƙera don kisa ya zama kayan kwalliya.

Wanda ya duba gindin irin wannan kwanso zai ga haruffan masana'anta da shekarar da aka yi shi. Wannan rubutu hujja ce da ke gaskata abin da kakanni suka faɗa da baki. Don haka muna roƙon iyalan Madawa da Buza da Keita da suka gaji irinsa, kada su sayar da shi a kilo ga masu sayen tsohon ƙarfe. A adana shi, a rubuta inda aka tsince shi da wanda ya bar shi gado. Amma harsashin da bai tashi ba, tsufa ba ya kashe dafinsa: a miƙa shi ga jandarma, ko ga hukumar tattara makamai da aka kafa a 1994.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.