Yadda ake wallafa bincike a mujallun kimiyya

Masana ba sa amincewa da sakamakon wani bincike har sai an rubuta shi a matsayin maƙala, an kuma buga shi a mujallar da ke miƙa rubutun ga wasu ƙwararru domin tantancewa.

Tarihin irin waɗannan mujallu ya faro ne tun shekarar 1665, lokacin da Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society da ke birnin London, ya fara buga mujallar Philosophical Transactions. Sai dai tsarin tantancewa ya daɗe kafin ya zauna da gindinsa. Ita kanta mujallar Nature sai a shekarar 1973 ta wajabta shi a kan kowace maƙalar bincike.

Tsarin maƙala

Galibin maƙalu kashi huɗu ne. Gabatarwa na bayyana tambayar da aka nemi amsawa da kuma abin da aka riga aka sani a kanta. Daga nan sai hanyar da aka bi, sai sakamako, sannan sharhi a kan ma'anarsa. A sama akan sa taƙaitaccen bayani, wanda sau da yawa shi kaɗai mai karatu ke dubawa.

Bayanin hanyar da aka bi shi ne ƙashin bayan maƙala. A nan ne marubuci zai faɗi mutum nawa ya gwada, yadda ya zaɓo su, na'urar da ya yi awo da ita, da irin lissafin da ya yi, ta yadda wani masanin a wata ƙasa zai iya maimaita aikin ya ga ko zai samu amsa iri ɗaya. Idan gwajin ya shafi mutane, dole a nuna cewa kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya ba da izini, kuma a faɗi wanda ya ɗauki nauyin aikin.

Kuskuren da sababbin marubuta suka fi yi shi ne yin iƙirarin da ya fi ƙarfin hujjarsu. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye ba ya nufin an samo maganin mutane.

Tantancewa

Edita na iya mayar da maƙala nan take ba tare da ya aika wa kowa ba. Idan ta tsallake, sai ya tura wa masana biyu ko uku, waɗanda akasari ba a biyansu, kuma marubuci bai san sunayensu ba. Su ne ke ba da shawarar a karɓa, a gyara ko a ƙi. Lamarin kan ɗauki watanni, kuma a mujallu irin su Nature ba a buga ko da kashi goma cikin ɗari na abin da aka aiko.

Ba kowa ke jure wannan suka ba. A shekarar 1936 Albert Einstein da Nathan Rosen sun aika wa mujallar Physical Review ta Amurka wata maƙala da ke cewa babu wasu igiyoyi da ƙarfin janyowar taurari ke haifarwa a sararin samaniya. Da editan ya turo masa sharhin wani mai tantancewa, sai Einstein ya fusata ya janye maƙalar. Daga baya ta bayyana cewa mai sharhin ne ke da gaskiya, kuma Einstein ya sauya matsayinsa kafin ya buga ta a wata mujalla. A shekarar 2015 aka gano igiyoyin a zahiri.

Inda tsarin ya gaza

Masu tantancewa takarda kawai suke karantawa, ba sa shiga ɗakin gwaji, don haka da wuya su gane ƙarya. A shekarar 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar likita Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda ta jawo zargin cewa allurar rigakafin MMR, mai kare yara daga ƙyanda da wasu cututtuka biyu, na da alaƙa da lalurar galahanga. Yara 12 kacal aka duba.

Iyaye da dama a Birtaniya sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda kuma ta sake yaɗuwa. Wani ɗan jarida mai suna Brian Deer ne ya bankaɗo cewa lauyan da ke shirin kai ƙarar masu haɗa allurar ya biya Wakefield kuɗi. A shekarar 2010 mujallar ta janye maƙalar, tana mai cewa bayanin yadda aka samo yaran da na izinin kwamitin ɗa'a ba gaskiya ba ne. A wannan shekarar aka soke lasisinsa na aikin likita.