Daga Matan Fada Zuwa Gulbin Zamfara: Wa Ke Tsaron Ruwa?

Gulbin Zamfara yakan gangaro yamma ta ƙasar Anka, ya ratsa Bukkuyum ta wajajen Nasarawar Burkullu, ya wuce Gummi, ya kai Jega inda ake ce masa Gulbin Gindi, sannan ya zube a Gulbin Sakkwato kudu da Birnin Kabi. Da rani yashi ne mafi yawansa, sai ruwa tsilla-tsilla a gurabe. Da damina ta nutsa kuwa sai ya cika ya batse, ya raba manomi da gonarsa. A nan kwale-kwale kayan aiki ne, ba na wasa ba. Ranar 14 ga Satumba 2024 wani ya kife a Gummi da manoma masu ƙetarawa gonakinsu, aka rasa mutum fiye da 40.

Mai son ganin kwale-kwale a fagen wasa sai ya nufi Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara can, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, bayan gaba tsakanin Sakkwato da Kabawa da ta faro tun zamanin jihadi. Aka shirya wa baƙon kamun kifi na gayya, kuma daga nan bikin ya samo siffarsa ta yau. Masunta dubbai kan faɗa ruwa lokaci guda, kowa da homa da gora. Akwai kuma wasannin da ake kira Kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, da kama kifi da hannu. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Abin da ɗan kallo ba ya gani shi ne watannin da suka gabaci bikin. Matan Fada, wato reshen Gulbin Sakkwato da ake gasar a ciki, a rufe yake ga masunta sauran shekara. Masu sarautar Sarkin Ruwa da Makwashi ke riƙe da wannan hani, kuma ba mai jefa homa sai sun ba da izini. Saboda haka ne giwar ruwa ke samun sararin girma har ta kai irin wadda aka kama a 2005, mai kilo 75, da sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. A ganina wannan hanin ya fi gasar kanta muhimmanci. Dokar kare muhalli ce tun ba a san wata ma'aikatar muhalli ba, kuma ta yi aiki ne domin mai hanin ɗan gari ne, an san gidansa, ana jin kunyarsa.

Sai dai ikon Sarkin Ruwa bai kai bakin madatsa ba. An kammala madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, ta Goronyo ta biyo baya a kan Gulbin Rima, dukansu a saman Argungu. Ambaliyar da ke jiƙa fadama, kifi ya shiga ya hayayyafa, ta ragu; manoman shinkafa da masunta na ƙasa suka ji a jikinsu. Manoman Bakolori da suka yi bore kan gonakinsu da diyya kuwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980. A 2006 ƙarancin ruwa ya sa aka dakatar da kamun kifi a bikin Argungu. Ba mu kaɗai ba ne. Turawa masu tsere da ƙaramin kwale-kwalen mutum ɗaya cikin ruwa mai tumbatsa tsakanin duwatsu sun daɗe suna tururuwa zuwa gangaren Bujagali a kan Nilu a Yuganda, har madatsar lantarkin da aka buɗe a 2012 ta shanye gangaren.

A yammacin Zamfara masifar ta shigo ta wata ƙofar. A farkon 2010 yara suka dinga mutuwa bayan farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ruwa ba ya tsami banza: ƙungiyar likitoci ta MSF da masu bincike suka gano gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kwaso duwatsu daga ramuka, su niƙa su a cikin gida da injin niƙan hatsi, su wanke garin a kududdufai da bakin rijiyoyi, su tsamo zinariyar da zaiba. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurarta ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe, laka mai guba ta kwanta a tafkunan da dabbobi ke sha. Yara fiye da 400 suka rasu. 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza a Anka, duk sai da aka kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin gwamnatin tarayya har 2013.

Ƙasar gida ana kankarewa da shebur. Abin da ruwan sama ya wanke daga wuraren niƙa ya shiga rafuka ba shi da wannan gata, kuma rafukan yankin gulbi suke nufa. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, amma saboda 'yan bindiga ne. A Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin, ya kafa hujja da ingantuwar tsaro da kuɗin shigar da ƙasa ke asara.